Da wane ido ake rubuta tarihin addini a jihar Maradi?

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son nazarin addini a Gidan Rumji, Agye ko Gazawa, zai tarar cewa yawancin littattafan da zai dogara da su baƙi ne suka rubuta, da Faransanci ko Turanci. Tambayar ita ce: da wane ido suka kalli mutanen?

A zamanin mulkin mallaka, jami'an Faransa irin su Paul Marty sun yaɗa ra'ayin "Musuluncin baƙar fata", wato wai na Afirka gauraye ne, bai kai na Larabawa ba. Bayan samun 'yanci, hankalin masana ya fi karkata ga bori da al'adun arna. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta fitar da littafi kan borin Maradi a 1972, Guy Nicolas kuma ya yi nasa kan Hausawan yankin a 1975. Ayyukan sun adana abubuwa masu daraja, amma mai karatu zai iya zaton bori ne ainihin Bahaushe, Musulunci kuwa riga ce da aka ɗora masa.

Son rai ba na Turawa kaɗai ba ne. Tsibiri, a gundumar Gidan Rumji, Gobirawan da suka ƙi bin daular Sakkwato ne suka kafa ta. Wanda ya karanta rubutun masu jihadi kaɗai zai ɗauke su kafirai, alhali sarakunan Gobir sun musulunta tun kafin jihadin 1804.

Kiristocin Hausawa kuwa an daɗe ana mantawa da su, duk da cewa mishan ɗin SIM ya yi shekaru yana aiki a Tsibiri. A 2006 Barbara Cooper ta rubuta tarihinsu, ta kuma yi bayanin tarzomar Nuwamban 2000 a Maradi, wadda ta shafi coci da masu bori.

Yanzu 'yan ƙasa irin su Abdoulaye Sounaye, mai nazarin Izala, suna rubutu daga cikin gida. Sai dai ɗan gida ma yana da aƙidarsa. Abin da ake nema ga kowane mai bincike shi ne ya saurari malami da 'yar bori da fasto, ya rubuta abin da kowannensu zai karanta ya gane kansa. Littafin da ya kira maƙwabci da sunan da bai yarda da shi ba, gobe shi za a koya wa yara.