Ina Ruwan Rafinmu Yake Zuwa? Mu Koya Wa Yara Labarin Mahaɗar Kogi Da Teku

Wata ranar Lahadi da damina, bayan an ɗauke ruwan sama, muna tsaye da yaran makarantar Lahadi a ƙarƙashin rumfa muna jiran hanya ta tsane. Sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta nuna ruwan da ke gudu a kwata, ɗauke da ledoji da robobi, ta ce, "Malam, duk wannan ruwa ina yake zuwa?" Muka ce rafi. Ta ce, "Daga rafi fa?" Muka ce kogi. Ta ce, "Daga kogi fa?" Muka ce teku. Ta yi jim, sa'an nan ta ce, "To, da ledar yake tafiya?"

A nan muka yi shiru, gama mun ga cewa mu da kanmu ba mu taɓa bin ruwan nan a zuci har ƙarshen tafiyarsa ba. Yawancin yaranmu na arewa ba su taɓa ganin teku ba, iyaye da yawa ma haka. Amma ruwan da ke wucewa ta bayan gidajenmu yana da masauki, a masaukin nan kuwa akwai mutane da kifaye da itatuwa waɗanda ransu ya rataya a kansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa iyaye da malamai abin da muka tattara, da kuma yadda za a koya wa yaro shi ba tare da an kai shi bakin teku ba.

A fara daga abin da yaro ya sani

Hausawa sun ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. Kada a fara wa yaro da teku, a fara masa da rafin garinsu. A tambaye shi sunan rafin, da kogin da yake faɗawa ciki, sa'an nan a zana hanyar a ƙasa da tsinke.

Kogin Kwara ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Tsawonsa kimanin kilomita 4,180 ne. Kogin Sakkwato yana zuba a cikinsa, haka ma Kogin Kaduna, wanda ya taso daga tudun Jos ya same shi kusa da Fategi. Kogin Binuwai kuwa daga Kamaru ya fito, ya bi ta Yola, ya karɓi Gongola a Numan, ya wuce Makurɗi, ya gamu da Kwara a Lakwaja. Daga nan sai su zama ɗaya, su nufi kudu, su wuce Anacha. Kafin ruwan ya kai teku sai ya rabu gida biyu, Forkados da Nun, waɗannan kuma su yi ta rarrabuwa kamar yatsun hannu. Wannan yanki shi ake kira Neja Delta.

A lura fa, ba kowane kogin arewa ke zuwa teku ba. Kogin Kano da Challawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi da Jama'are kuma su bi ta Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Yara kan yi mamaki idan suka ji cewa ruwan saman da ya sauka a kewayen Jos yana iya rabuwa, wani ya tafi Tekun Atalantika, wani ya tafi Chadi. A bar kowane yaro ya gano inda ruwan garinsu ya dosa.

Mene ne mahaɗar kogi da teku?

Wuri ne da ruwan daɗi na kogi yake gauraya da ruwan gishiri na teku. Ruwan wurin ba na sha ba ne, bai kuma kai na teku gishiri ba. Muna da kalmarsa a Hausa, wato zartsi, kuma duk yaron da ya taɓa kurɓar ruwan rijiya mai zartsi ya riga ya san rabin darasin. Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma irin waɗannan wurare suna da yawa a kanta. Akwai babban bakin Kogin Kuros tsakanin Kalaba da Oron, da bakin Kogin Bonny wanda jiragen ruwa ke bi zuwa Fatakwal, da kuma ruwan da ya kewaye Legas.

Ga gwajin da muka yi da yaranmu. A lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, wato kusan cokalin shayi shida. Mun dama haka a kwalba, muka zuba a kofi ɗaya. Kofi na biyu ruwan randa ne, na uku kuwa rabi da rabi. Kowane yaro ya taɓa da yatsa ya ɗanɗana, ba sha ba. Bayan haka muka zuba ruwan gishirin a kofin gilashi zuwa rabi, muka kawo zoɓo marar sukari muka tsiyaya a hankali ta bayan cokali. Sai ga jan ruwa zaune a sama, fari a ƙasa. Dalili shi ne ruwan gishiri ya fi nauyi. Haka yake a bakin koguna da yawa: ruwan teku yakan kutso ta ƙasa, na kogi ya bi ta samansa, har iska da igiyar ruwa su gauraya su.

Abu na biyu da yaron arewa bai sani ba shi ne cikowa da janyewar teku. Mu mun saba kogi ya cika da damina ya janye da rani. A bakin teku kuwa ruwa yana cikowa ya janye sau biyu a kowace rana, musamman saboda jan da wata ke yi wa ruwan duniya. Tsakanin cikowa da cikowa akwai awa 12 da kimanin minti 25, kuma takan fi ƙarfi a lokacin sabon wata da lokacin da wata ya cika. Idan ruwa ya ciko, kogi yakan yi kamar yana komawa baya. A sa yashi a gefe ɗaya na babban faranti, a zuba ruwa, a riƙa karkata shi a hankali, yara za su ga tudu yana nutsewa yana fitowa.

Itacen da ke tsaye a kan ƙafafu

A cikin wannan laka mai gishiri, inda dawa ko masara ba za su yi kwana uku ba, akwai itacen da ake kira mangurof. A gargaɗi yara kada su rikita shi da mangwaro, ba danginsu ɗaya ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan kurmin wannan itace, mafi yawansa kuma a Neja Delta yake.

Lakar wurin ba ta da iska, saboda haka saiwoyinsa a waje suke numfashi. Wani iri yana da saiwoyi masu saukowa daga jikinsa kamar ƙafafun gizo. Wani kuma saiwoyinsa kan tsiro daga laka su yi cirko-cirko kamar fensir, yana kuma fitar da gishiri ta ganyensa. Irin mai ƙafafun, 'ya'yansa kan fara tsiro tun suna kan uwa, su faɗo kamar mashi su kafe a laka, ko ruwa ya kai su wani wuri.

Saiwoyin nan suna riƙe ƙasa, suna kuma rage ƙarfin igiyar ruwa. A tulla ƙasa gida biyu, a dasa dunƙulen ciyawa mai saiwa a kan ɗaya, a bar ɗayan tsirara, a zuba musu ruwa da buta daidai wa daida. Yara za su gani da idonsu wanda ya zaizaye. Gani ya kori ji.

Ɗakin renon kifaye

Kifayen teku da yawa, da jatan lande, a can cikin teku suke haihuwa, amma 'ya'yansu kan shigo mahaɗa su girma. Ganyen da ke ruɓewa da lakar da kogi ya kawo su ne tushen abincinsu, tsakanin saiwoyi kuma manyan kifaye ba sa iya kutsawa su cinye su. Akwai ƙaguwa, da ƙananan dodon koɗi waɗanda mata ke tsinta idan ruwa ya janye, da wani ɗan kifi mai idanu a ka wanda ke tsalle a kan laka. Yaron da ya san gaiwa, wadda ke kwana a busasshiyar laka har damina ta dawo, ba zai yi gardamar wannan ba. Ayu ma, wanda masuntan Binuwai da Kwara suka sani, yana zaune a waɗannan ruwaye. Shi ba kifi ba ne, yana shayar da ɗansa nono, ciyawa yake ci, doka kuma ta hana kashe shi.

A nan uwa za ta iya zama malama. A ɗebo busasshen jatan landen da ake dakawa a miya, wanda 'yan kasuwa ke kawowa daga wurare irin su Oron, a ɗauko bandar kifin bonga, a ajiye a gaban yara a tambaye su daga ina suka zo. Su sani cewa mun aika ruwa kudu, ya dawo mana a cikin tukunya.

Abin da ke damun waɗannan wurare

Bai kamata a ɓoye wa yara manya gaskiya ba. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, tun daga lokacin kuma malalar mai ta yi ta ɓata ruwa da ƙasa a yankin. Idan mai ya lulluɓe saiwoyin mangurof, itacen ba ya iya numfashi, sai ya mutu. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, ta ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A ce wa yaro ya lissafa shekarunsa a ƙarshen irin wannan aiki.

Akwai kuma sarar itacen domin girki da banda kifi. Akwai wani irin kaba mai suna nipa, wanda aka kawo Kalaba daga Asiya a 1906, ya bazu yana ƙwace wurin mangurof. A Jihar Ondo, garin Ayetoro da aka kafa a 1947 ya yi asarar gidaje da yawa saboda teku na cin ƙasarsa.

Kada mu ce duk laifin na can ne. Madatsun ruwa irin su Kainji, wanda aka gama a 1968, da Shiroro a kan Kogin Kaduna, suna ba mu lantarki, amma suna tare yashi da lakar da a dā suke gangarawa su gina gaɓar teku. Ledar da muka jefa a kwata, da baƙin man da makanike ya zubar, da maganin feshin da aka wanke a rafi, da gubar da wasu ke zubawa domin kama kifi, ba sa ɓacewa don sun bar unguwarmu. Wasu za su maƙale a hanya su cuci na kusa, wasu su wuce gaba. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600, ta nuna mana wannan zumunci a fili, gama ruwan da ya ci gonaki a Adamawa da Binuwai da Kogi shi ne ya gangara ya mamaye Bayelsa.

Shawara ga iyaye da malamai

Ba a bukatar kuɗi domin wannan koyarwa. Gishiri, zoɓo, faranti, buta da tsinke sun isa. A raba darasin kashi huɗu, mako guda ga kowane kashi: hanyar ruwa, zartsi da cikowar teku, itacen mangurof, sa'an nan kifaye da ɓarnar da ake yi. Ranar 26 ga Yuli ce aka keɓe a duniya domin tunawa da kurmin mangurof, ga shi kuwa ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin da kowace kwata ke gudu.

A yawancin ikilisiyoyinmu na birni akwai 'yan'uwa daga Ribas, Bayelsa, Delta, Akwa Ibom ko Kuros Riba. A gayyaci ɗayansu ya zauna da yara ya ba su labarin kwalekwale da kamun ƙaguwa, da yadda ruwan garinsu yake a dā da yadda yake yanzu. Matasanmu da suka yi bautar ƙasa a can su ma suna da abin faɗi. Idan za a kai yara bakin rafi, manya su raka su, kada kuma a je bayan ruwan sama mai ƙarfi.

A ƙarshe a ba su aikin hannu. Yaranmu sun zaɓi su tsince ledojin kwatar da ke gaban majami'a kafin ruwa na gaba ya sauko, manya suka ba su safar hannu da buhu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da ta yi tambayar ita ce ta riƙe bakin buhun. Da wani yaro ya jefa ledar ruwa a ƙasa, ba mu ne muka tsawata masa ba, ita ce ta ce masa, "Ɗauke, akwai mutane a ƙarshen ruwan nan."

Allah ya ba mu hikimar renon yaranmu.