Yadda ake haɗa fayafayan kwamfuta rukuni-rukuni don kada bayanan jama'a su salwanta

Rajistar masu zaɓe, jerin albashin ma'aikata da bayanan asusun banki duk suna kwance ne a kan fayafayan adana bayanai, waɗanda aka jera ɗaruruwa a cikin manyan rumbunan kwamfuta. Kowane faifai kuwa yana da ranar mutuwarsa. Abin da ke hana mutuwar faifai guda ta tafi da bayanan miliyoyin mutane shi ne tsarin da ake kira RAID.

Sunan ya yi fice ne a 1988, lokacin da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, suka wallafa wata maƙala. A cikinta sun nuna cewa ƙananan fayafayai masu araha za su iya yin aikin babban faifai mai tsada, matuƙar an tsara su yadda ɗaya zai rufa wa ɗaya asiri.

Matakan tsarin

A RAID 0, ana yanka bayani gunduwa-gunduwa a rarraba wa fayafayan rukunin. Yana da sauri, amma ba shi da kariya ko kaɗan: faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi.

A RAID 1, duk abin da aka rubuta a wannan faifai ana rubuta shi a abokinsa, tamkar tagwaye. Kariyar tana da ƙarfi, sai dai rabin wurin ajiyar da aka saya ya tafi a maimaici. RAID 10 yana haɗa wannan tagwaitawa da rarrabawa.

RAID 5 ya dogara ne da lissafi. A ɗauka fayafayai uku na riƙe da lambobi 5 da 2 da 9, na huɗu kuma na riƙe da jimillarsu, wato 16. Idan na biyu ya mutu, sai a cire 5 da 9 daga 16, a sake samo 2. Irin wannan lambar shaida na'urar ke ƙirƙira, ta warwatsa ta a dukkan fayafayan rukunin. Tsarin yana jure mutuwar faifai ɗaya kacal. RAID 6 yana ajiye shaida biyu, don haka yana jure mutuwar biyu.

Kariya ba kyauta ba ce. Rukunin fayafayai 8, kowanne mai terabayit 10, zai ba da wurin ajiya na terabayit 80 a RAID 0, da 70 a RAID 5, da 60 a RAID 6, da 40 a RAID 10.

Me ya sa ba a zuba su duka a rukuni ɗaya?

A nan ne hukuncin ke da nauyi. Babban rukuni yana rage kuɗi, domin fayafayai da yawa ne ke raba shaida ɗaya. Amma yawan fayafayai na ƙara yiwuwar biyu su mutu kusa da juna, musamman da yake galibi tare ake sayo su, tare kuma suke tsufa.

Idan faifai ya mutu, na'urar takan jawo faifan ko-ta-kwana da ke jira, ta fara sake gina abin da ya ɓace ta hanyar karanta sauran 'yan rukunin kaf. Faifai mai terabayit 10 da ake rubuta wa megabayit 200 a daƙiƙa zai ci kusan awa 14 kafin ya cika, idan ma babu wani aikin da ke raba masa hankali. A tsawon wannan lokaci, rukunin RAID 5 tsirara yake. Shi ya sa da fayafayai suka ƙara girma, manyan hukumomi da kamfanoni suka karkata ga shaida biyu. Kamfanin NetApp ma yana da tsari mai shaida uku.

Abin da RAID ba ya iya yi

Tsarin yana kare bayani daga mutuwar faifai ne kawai. Idan ma'aikaci ya goge fayil, ko masu kutse suka kulle shi don neman kuɗin fansa, nan take ɓarnar za ta bi dukkan rukunin. Haka gobara da ambaliya.

Koriya ta Kudu ta ga hakan a ranar 26 ga Satumba, 2025, sa'ad da wuta ta tashi a cibiyar bayanan gwamnati da ke Daejeon. Ma'adanar G-Drive ta ma'aikatan gwamnati, mai ɗauke da kimanin terabayit 858, ta ƙone, kuma ba ta da kwafi a wani wuri.

Don haka duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a akwai tambayoyi uku a kanta. Fayafayai nawa ne za su mutu kafin bayani ya ɓace? Ina kwafi na dabam yake, a wane gari? Yaushe aka gwada dawo da bayanai daga gare shi? Amsoshin na cikin takardun kwangila da kasafin kuɗi, kuma tun kafin haɗari ya kamata a neme su, domin ba a fafe gora ranar tafiya.