Kalangun Shata Da Kaset-kaset Ɗin Bagadaza

Daga Wakilinmu na Arewa, Gombe

Kowane ɗan kwaleji yana da kiɗan da ya tashi da shi, kuma ko ya yi furfura ba ya rabuwa da shi. In ka tambayi 'yan'uwanmu na Kudu, wani zai ce maka Sunny Ade, wani Osadebe, wani kuma Fela. To, a nan unguwar Bagadaza cikin birnin Gombe, akwai mu waɗansu 'yan tsiraru da muka yi kwaleji tsakanin 2003 da 2009, waɗanda ba mu da abin saurare sai Alhaji Mamman Shata da makaɗansa.

Ba mu taɓa ganinsa ido da ido ba, domin Allah ya yi masa rasuwa a 1999, muna firamare. Lokacin da muka shiga kwaleji kuwa waƙoƙin fim ne ke tashe, tun daga fitowar Sangaya, kuma duk shagon da ka wuce sautin fiyano za ka ji. Saboda haka abokan karatunmu suka sa mana suna tsofaffi. Mu kuwa ko a jikinmu. Kaset ɗin iyayenmu muke ara, mu haɗa kuɗin batir, in waƙa ta ƙare mu zura biro mu mayar da zaren baya da hannu don kada batir ya mutu.

Mai karatu zai tambaya, me ya riƙe yara a kan kiɗan da ya girmi iyayensu? Amsa ita ce ƙungiyar. Mutane sukan ce Shata kawai, amma wanda ya kasa kunne ya san aikin na taro ne. Kalangu ganga ce mai magana: makaɗi yana rataye ta a hammata, ya matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har ya bi hawa da saukar harshen Hausa. Ga kuntukuru yana riƙe da taki, ga 'yan amshi suna jiran uban gidansu ya ajiye su ɗauka. Shi kuwa Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake ƙaga ta a gaban jama'a, don haka dole kowane makaɗi ya san inda ya dosa tun bai kai ba. Mukan raba aiki a ɗakin kwana, wani ya bugi akwati, wani ya yi amshi, a nan muka gane wuyar abin.

Shi dai Shata an haife shi ne a Musawa ta ƙasar Katsina, ya yi zama a Funtuwa, aka binne shi a Daura. Ya yi wa sarakuna da 'yan kasuwa da direbobi waƙa, ya yi Bakandamiya, har kumbon Apolo na 11 da Amurka ta aika wata a 1969 bai bar shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Tun a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana, sannan a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah. Wato ta wajen tarihinsa an yi ƙoƙari.

Inda gizo ke saƙa shi ne sautin kansa. Tun da ba ya maimaita waƙa daidai da yadda ya yi ta jiya, kowane ɗauka daban yake. Wanda aka yi a faifan EMI daban, na gidan rediyon Kaduna daban, wanda wani ya ɗauka da rikodarsa a wajen biki shi ma daban, kuma irin wannan na ƙarshe mai yiwuwa kwafi ɗaya ne tak a duniya. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura irin na Gombe. Zaren yana manne wa juna, ya tsinke, in mai shi ya rasu kuma magada su share ɗaki su zubar.

Gaskiya ne yanzu masu turin waƙa a kasuwa za su cika maka waya da Shata a kan kuɗi kaɗan. Amma waƙoƙi ne aka yanke kai da gindi, ba shekara, ba sunan gari, balle sunan wanda ya riƙe kalangu. Su makaɗan da suka ɗauki nauyin waƙar su ne farkon waɗanda ake mantawa.

Don haka muna kira ga Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da gidan rediyon jiha, su buɗe wurin da mutum zai kawo tsohon kaset a juye masa a kwamfuta a mayar masa da abinsa, a kuma rubuta abin da ya sani game da ranar da aka ɗauka. Dattawan da suka halarci waɗannan wasanni suna nan da ransu a Bagadaza da Jekadafari da sauran unguwanni, amma kullum raguwa suke yi. Kai kuma mai karatu, in akwai akwatin kaset a ƙarƙashin gadon mahaifinka, ka ɗauke shi daga ƙasa tun kafin damina ta riga ka.