Maraɗi: kafin motar lantarki, ina wutar?

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Tibiri zuwa Maraɗi ya san kwalaben man fetur da ake jerawa a bakin hanya. Shekaru da dama man Najeriya mai arha ne ya riƙe sufurin wannan yanki. A ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, farashi ya tashi, arha ta ƙare. Nauyi ya koma kan matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20.000 a rana. A watan Maris 2025 ƙarancin mai ya sa motoci yin dogon layi a gidajen mai na Nijar.

Maƙwabta sun fara neman mafita. A 2021 gwamnatin Najeriya ta buɗe tashar cajin motoci mai aiki da hasken rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A 2023 kuma ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas.

Sai dai lantarkin Maraɗi ma daga Katsina layinsa ya fito, kuma an ga yadda aka yanke shi a watan Agusta 2023. Tashar cajin da ta dogara da wannan layi ba ta fitar da ɗan kasuwa daga hannun maƙwabci ba. Idan gwamnati za ta zuba kuɗi a hanyar Yamai zuwa Damagaram, to ta fara da hasken rana, wanda babu mai rufe masa iyaka.