Sirrin Hoton Sama: 'Yar Na'urar Da Ke Hana Jirgin Kamara Faɗowa Kan 'Yan Biki

Duk mai bin finafinan Hausa masu dogon zango ya saba da irin wannan buɗewar: kafin jarumi ya ce uffan, sai a nuno gari daga sama, rufin kwano na ƙyalli, ga hasumiyar masallaci, ga 'yan adaidaita suna tafiya kamar tururuwa. Abin ya zama ruwan dare har 'yan kallo sun daina lura da shi. To amma a zamanin kaset, lokacin su Sangaya da Wasila, in darakta na son hoton sama sai dai mai kamara ya hau katanga ko bene ko bishiya, wani yaro na riƙe masa ƙafa don kada ya rikito.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ɗan jirgin nan mara matuƙi da ake kira duron. Kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da samfurin Phantom a 2013, ya biyo da Mavic Pro mai naɗewa a 2016, daga nan hoton da a da sai da jirgi mai saukar ungulu ake samunsa ya koma cikin jakar goyo. Daga lokeshin abin ya tsallaka wajen biki. Yau in ango ya zo yin ciniki da mai ɗaukar bidiyo, cikin tambayoyinsa na farko har da ko akwai duron.

Dutsin-Ma da Kurfi kuwa garuruwa ne da ke da abin nunawa daga sama. Ga madatsar ruwa ta Zobe, ga duwatsun yankin, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga gonaki shimfiɗe a gefen titin da ya taso daga Katsina ya ratsa Kurfi. Ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗi ba su rasa dawaki da mahaya ranar hawan angwanci ba. Darakta mai ido zai iya cika rabin fim da waɗannan. Matsalar ita ce kuɗi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon duron ya fi ƙarfin yaron da ya fara sana'a da kamara ɗaya ta aro. Shi ya sa mai zuciya kan fara tunanin ya sayo kayan ɗai-ɗai ya harhaɗa nasa, ko mai farfela huɗu, ko kuma mai fiffike irin na jirgin fasinja da ake yankawa daga kwalin roba mai taushi.

Wannan karambanin ba baƙo ba ne a Arewa. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya shiga labaran duniya saboda jirgi mai saukar ungulu da ya haɗa a Kano da injin Honda Civic. Sojojin saman Nijeriya ma da suka ƙera nasu marasa matuƙa, sunayen Hausa suka raɗa musu: Gulma a 2013, Tsaigumi a 2018.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Mai duron ɗin DJI bai damu da abin da ke cikinsa ba, kamfani ya saita komai ya rufe. Amma wanda zai haɗa nasa dole ya yi ido biyu da wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba, wadda masu sana'ar ke kira ESC, wato mai sarrafa gudun moto. Ita ce ke zaune tsakanin batir da moto. In ta yi daidai ba mai tunawa da ita. In ta kuskure, jirgi da kamara da kuɗin aikin duk sai su sauko ƙasa lokaci guda, kuma Allah ya kiyaye a ce kan taron mutane ne.

MENE NE AIKINTA?

Motocin da aka saba gani a injin huda katako ko na gurza ƙarfe suna da ɗan gawayi a ciki, wanda masu gyara ke kira buroshi, shi ke goga wuta yana juya su. Motocin jiragen nan ba su da buroshi. Wayoyi uku ne ke fitowa daga kwayil ɗinsu, kuma in ka jona su kai-tsaye da batir ba za su juya ba, sai dai su yi kakkarwa su ƙone. ESC ce ke karɓar wutar batir tana rarraba ta ga wayoyin nan uku bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ta yadda maganaɗisun da ke jikin moton za su yi ta bin wutar suna zagayawa. Abin burgewar ma, tana sauraren 'yar wutar da moton ke maidowa ta wayar da ba ta aiki a wannan lokacin, da haka take gane inda ya kai a juyinsa.

Kayan da 'yan koyo suka fi farawa da su sanannu ne: moto mai lamba 2212 da aka rubuta wa 1000KV, farfela mai inci 10, batirin LiPo mai ɗaki uku, da ESC mai ɗaukar amfiya 30. Lambar KV na nufin yawan juyi a minti kan kowane bolt ɗaya. Batir mai ɗaki uku na ba da bolt 11.1, ke nan moton zai yi juyi wajen 11,000 a minti in babu farfela a kansa. Ka ga wannan ba abin wasan yara ba ne. Moton irin wannan ba ya cika jan fiye da amfiya 15, don haka ESC mai 30 na da sarari. Ƙa'idar ita ce kullum ta fi ƙarfin abin da moto zai ja. Wanda ya yi tsumulmula ya sayi ƙarama, zai sake sayen wata bayan ya sha hayaƙin ta farko.

Kafin a taɓa komai, a cire farfela. Wannan ba shawara ba ce, doka ce. Farfela mai wannan gudu tana tsarge yatsa har ƙashi, kuma wajen saiti ne moto ya fi tashi ba zato ba tsammani.

KOYA MATA TOTUR

Aikin farko shi ne a nuna wa ESC ina ne ƙarshen totur sama, ina ne ƙarshensa ƙasa, domin kowane rimot da irin nasa awon. Yadda ake yi a yawancin irin waɗanda ake sa wa jirgi mai fiffike, kamar Skywalker na kamfanin Hobbywing: a kunna rimot tukuna, a tura sandar totur can sama, sannan a jona batirin jirgi. Bayan kamar daƙiƙa biyu za a ji ƙara sau biyu, ɗit-ɗit. Nan take a dawo da sandar ƙasa. Sai ta ƙirga ɗakunan batir da ƙara, ta rufe da wata doguwa. Shi ke nan, ta koya.

Wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki: ESC ba ta da lasifika. Moton ne da kansa take kaɗawa ya yi kukan. Saboda haka wanda bai jona moto ba zai yi ta jira bai ji komai ba, ya ɗauka an sayar masa da matacciya.

Ƙirgen nan na ɗakunan batir a kasa masa kunne sosai. In batir mai ɗaki uku ne, ƙara uku ake jira. In aka ji biyu, to ko batirin bai cika ba ko akwai ɗakin da ya mutu, kuma duk lissafin da za ta yi a sama zai tafi a karkace. Haka in ta yi ta ƙara da sauri-sauri ba tsayawa, tana cewa ne totur ba ya ƙasa. In kuwa ƙarar na zuwa jefi-jefi, duk bayan daƙiƙa biyu, saƙon rimot ne bai iso gare ta ba, a duba wayar risiba. Masu rimot ɗin Futaba su kan sai sun juya tashar totur daga cikin rimot kafin abin ya yi daidai. In moto ya tashi amma yana juyawa baibai, ba sai an kira kowa ba, a musanya wayoyi biyu cikin ukun nan, kowaɗanne.

Shiga cikin saitin sosai kuma hanya biyu ce. Ta talaka ita ce a bar sandar totur a sama bayan ɗit-ɗit ɗin nan, a ƙara jiran daƙiƙa biyar, sai ta yi wani ɗan kiɗa ta fara jero abubuwa da ƙara: ɗaya birki, biyu nau'in batir, haka har ƙarshe. In ta zo kan wanda ake so a sauke sanda, in ta faɗi zaɓin da ake so a ɗaga. Gaskiya wannan hanya tana son haƙuri da wuri shiru, ba a shagon da ake kunna waƙar Hamisu Breaker ba. Hanya ta biyu katin saiti ne, ɗan allo mai fitilu da ake jona wa, a danna maɓalli a ga abin da aka zaɓa da ido. Kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba, kuma duk wanda ya taɓa ɓata a tsakiyar ƙirgen ƙara zai gaya maka ya cancanci kuɗinsa.

INDA AKE ASARA

Cikin duk saitin, wanda ya fi cin dukiya shi ne na yanke wuta. Ɗakin batirin LiPo yana cika a bolt 4.2, kuma in aka zuƙe shi ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa, ya kumbura kamar burodi. Shi ya sa ESC ke da iyakar da take rage wuta. A Skywalker zaɓi uku ne: 2.85, 3.15 da 3.3 a kowane ɗaki. Mai son batirinsa ya daɗe ya ɗauki na tsakiya ko na sama. Sannan a tabbata an gaya mata LiPo ne, don in aka bar ta kan tsohon nau'in batir na NiMH za ta iya tsotse shi har ya mutu.

Akwai kuma yadda za ta yanke: a hankali ko farat ɗaya. A jirgi mai fiffike ko moto ya tsaya ba a mutu ba, domin ƙananan injinan da ke karkata fiffike da jela suna ci gaba da samun bolt 5 daga ESC, matuƙi na iya lallaɓo shi ya sauka kamar shirwa. Amma mai farfela huɗu ba shi da fiffiken da zai riƙe shi. Moto ɗaya ya tsaya, sai ya wuntsila ya faɗo kamar dutse. Don haka masu irin wannan sukan kashe yankewar gaba ɗaya, su dogara da ƙararrawar batir da agogon rimot. Mai karatu ya ƙiyasta: ana tsaka da kamu, amarya da ƙawayenta sun fito fili, jirgi na bisa kansu, sai wata na'ura ta yanke hukuncin ceton batir. Wannan ba ƙaramin abin kunya ba ne, in ma an tsira da kunya kaɗai.

Masu farfela huɗun na zamani sun ma bar ƙirgen ƙara. ESC ɗinsu na ɗauke da manhaja irin BLHeli, da kwamfuta ake saita su, kuma in ana amfani da tsarin DShot ba a buƙatar koya musu totur sam.

Birki a bar shi a kashe, sai in farfelar mai naɗewa ce. Tashi kuma a bar shi yadda ya zo. Taimin shi ne kamar na mota: in aka ɗaga shi moto na ƙara ƙarfi amma yana ƙara zafi da shan batir. In moto na tari ko yana ƙugi lokacin da aka ba shi totur da sauri, a gwada matsakaici.

Zafi dai shi ne babban abokin gaba a wannan yanki. A watan Afrilu, lokacin da rana kan kai maki 40 a Katsina, ESC da aka cusa cikin jirgi ba kafar iska tana iya ɗaukar zafi har ta rage wuta da kanta a sama. A huda mata hanyar iska. Bayan an sauko a taɓa ta da yatsa: in ba a iya riƙewa, farfelar ta yi girma ko ita ta yi ƙanƙanta. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, ga maganaɗisun moto na janyo baƙin yashi duk inda aka sauka. Tabarma ko kwali a shimfiɗa wajen tashi da sauka ya wadatar. In wayoyi sun gaza tsawo, a ƙara ta ɓangaren moto, ba ta ɓangaren batir ba. In dole ne sai ta nan, a ƙara kondansa. Liƙin dalma kuwa, wanda hannunsa bai faɗa ba ya kai wa mai gyaran waya a kasuwa, don mummunan liƙi kan saki ne daidai lokacin da jirgi ke jan wuta sosai.

Gwaji na ƙarshe, har yanzu ba farfela: a ba moto ɗan totur, sannan a kashe rimot. A jirgi mai fiffike ya kamata moton ya tsaya. In ya ci gaba da gudu, to ranar da saƙo ya yanke a sama, jirgin zai kama hanyar Safana ba sallama. A gyara wannan a risiba kafin a fita.

Sai maganar hukuma. Tun a watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga kamar wannan, ƙugin wani abu a sama da ba a san mai shi ba yana iya tayar da hankalin unguwa guda, kuma jami'an tsaro ba za su tsaya tambayar sunan fim ɗin ba. Bayan takardar izini, duk furodusan da zai kawo aiki Dutsin-Ma ko Kurfi ya fara biyawa ta wajen mai unguwa da ofishin 'yan sanda, ya faɗi rana da wurin da zai tashi, ya kuma nisanci shingen sojoji da bakin madatsar ruwa sai da yardar masu gadinta.