Jibiya: Garin kan iyaka da ke jiran jirgin ƙasa na farko a tarihinsa

Duk ranar Lahadi kasuwar Jibiya kan cika da masu saye da sayarwa daga Katsina, Batsari, Ɗan Issa da Maraɗi. Hatsi da dabbobi da atamfofi duk a mota suke zuwa, a mota suke komawa. Tun da aka kafa garin, jirgin ƙasa bai taɓa ratsa shi ba. Yanzu kuwa Jibiya na cikin garuruwan da aka tsara wa tasha a kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi, kuma ita ce babbar tasha ta ƙarshe a ɓangaren Najeriya kafin a shiga Jamhuriyar Nijar.

Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku ne ya zama babban aikinsa. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. Wani reshen ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Birnin Katsina da Daura da Jibiya duk an bar su a gefe. Shi ya sa a ƙasar Katsina, Funtuwa ce ta ci moriyar dogo, ta zama cibiyar auduga, yayin da arewacin ƙasar ya dogara da raƙuma da jakuna, daga baya kuma manyan motoci.

Sai a watan Satumban 2020 ne Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar sabon layin a kan kusan dala biliyan 1.96, lokacin da Rotimi Amaechi ke Ministan Sufuri. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya samu aikin. Ranar 9 ga Fabrairun 2021 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi ta intanet, yayin da aka yi bikin a Kwarin Tama da ke Jihar Katsina.

Tsawon layin ya kai kilomita 284. Zai tashi daga Kano ya bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, sannan ya ƙare a Maraɗi. Akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Layi ne mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka tsara domin jiragen fasinja da na kaya. An ɗebar wa aikin shekara uku, amma wa'adin ya wuce ba a kammala ba.

Ga mutumin Jibiya, lissafin a bayyane yake. Buhun gero ko wake da zai tafi kasuwar Dawanau a Kano yana biyan kuɗin mota, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ya ƙaru. Ga shingayen jami'an tsaro da ke jere a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, waɗanda direbobi suka daɗe suna kokawa a kansu. Tarago ɗaya na iya ɗaukar kayan da sai babbar mota za ta ɗauka, kuma jirgi ba ya tsayawa a kowane shinge.

Sai dai gina tasha kaɗai ba zai kawo wannan sauƙin ba, domin amfaninta ya rataya ne a kan wasu abubuwa da ba a hannun mutanen garin suke ba.

Na farko shi ne ita kanta iyakar. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. An buɗe wasu a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a jima ba sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe ƙofar Magama har zuwa Maris ɗin 2024. Cikin shekara biyar, 'yan kasuwar garin sun fi ganin iyaka a rufe fiye da a buɗe. Idan haka ta sake faruwa bayan an fara jigila, jirgin zai riƙa juyowa ne daga Jibiya.

Na biyu shi ne haɗuwa da kudu. Hujjar da gwamnati ta bayar ita ce Nijar ba ta da teku, don haka kayanta za su riƙa bi ta tashoshin jiragen ruwa na Legas maimakon Kwatano ko Lome. Wannan ba zai yiwu ba sai an kammala layin Kaduna zuwa Kano, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Ibadan da Abuja.

Na uku shi ne tsaro. Jibiya na cikin ƙananan hukumomin Katsina da suka fi shan wahalar 'yan bindiga, kuma harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris ɗin 2022 ya sa aka dakatar da zirga-zirga a wannan layin na fiye da wata takwas.

Akwai kuma darasi daga tsofaffin tashoshi. Ƙaura Namoda ta bunƙasa lokacin da jirgi ke kwasar gyaɗa, amma da cinikin gyaɗar ya ja baya, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya kuma ta yi rauni, zirga-zirga ta ragu har tashar ta yi shekaru ba kowa. Abin da ke raya tashar ƙaramin gari shi ne jirgi ya riƙa tsayawa a kan lokaci, a samu rumbun ajiyar kaya da wurin loda dabbobi, kuma kuɗin tikiti ya yi daidai da aljihun talaka.

Waɗannan ne abubuwan da ya kamata shugabannin kasuwar Jibiya da wakilan yankin a majalisa su nemi bayani a kansu tun kafin a gama shimfiɗa ƙarfen: sau nawa jirgin zai tsaya a garin a rana, a ina jami'an Kwastam za su riƙa duba kaya, kuma ko mai buhu goma zai samu wuri a tarago kamar mai kwantena.