Saƙon Ƙwaƙwalwa da Aka Tono Daga Mayanka

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai wani ɗan curin nama mai girman ƙwayar wake, wanda masana ke kira fituwitari. Shi ke sakin sinadaran da ke tafiyar da girman jiki, da haila, da samuwar ruwan nono. Tun cikin shekarun 1940 wani masani ɗan Ingila, Geoffrey Harris, ya nace cewa wannan curi ba sarki ba ne, hakimi ne kurum. Umarni yana sauko masa ne ta waɗansu siraran jijiyoyin jini daga sashen ƙwaƙwalwa da ke bisansa, wato haifotalamos. Masana da yawa ba su yarda ba, domin babu wanda ya taɓa riƙe saƙon a hannu.

Mutum biyu suka ɗaura ɗamarar nemo shi a Amurka: Roger Guillemin, haifaffen Faransa, da Andrew Schally, ɗan asalin Folan. Sun yi aiki tare daga 1957 zuwa 1962, sannan suka raba gari, kowa ya kafa nasa ɗakin binciken, gaba mai tsanani ta shiga tsakaninsu.

Wahalar aikin kuwa ita ce ƙanƙantar saƙon. Dole ta sa suka koma mayanka, Guillemin yana tara ƙwaƙwalwar tumaki, Schally ta aladu. A yanke haifotalamos, a busar, a niƙa, a tace, a sake tacewa. Daga tumaki fiye da 250,000, abin da ya rage a hannun mutanen Guillemin miligiram ɗaya ne tak, bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Shekaru suka yi ta wucewa babu labari, har masu ba da kuɗin binciken suka fara tunanin janye hannunsu.

A 1969 ɓangarorin biyu suka bayyana ƙirar saƙon farko, wanda ake kira TRH. Abin mamaki, amino asid uku ne kacal a jere, alhali irin waɗannan tubala ɗaruruwa ne ke gina furotin guda. Wannan ɗan mitsitsin abu shi ke sa fituwitari ya zaburar da tayiroid, curin nan na wuya wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo. A 1971 Schally ya riga abokin hamayyarsa gano GnRH, mai amino asid goma, wanda ke buɗe ƙofar balaga da sakin ƙwan haihuwa. Daga kwaikwayon ƙirarsa aka sami magungunan da likitoci ke amfani da su wajen taimakon mata masu neman haihuwa, da kuma danne sankarar furosteti a jikin maza.

A 1977 aka ba Guillemin da Schally kyautar Nobel, tare da Rosalyn Yalow, wadda ta taimaka wajen ƙirƙiro dabarar auna irin waɗannan sinadarai a cikin jini. Harris, wanda ya fara nuna inda za a tona, ya riga ya rasu tun 1971.